Raƙiya Mai Gato da Injin Kwaɓi

"Na wa ne wanga gato?"

"Na Raƙiya mana. Ba ki ji ƙamshin ɓawon lemun tsami ba?"

"Raƙiya ta Magaji dillali? Ba ita ce anka ce ɓarin jikinta ya shanye ba?"

"Ta ji sauƙi. Tana tafiya, tana magana, har kasuwa tana zuwa."

"Hannun fa?"

"Hannun kam yana nan yadda yake."

"To da wane ta kwaɓa?"

Sai aka ji ƙarar faranti da aka ture bisa tabarma.

"Ke dai aje shi. Mu ba mu ce komi ba."

Masu wannan magana ba su san Raƙiya tana bayan labule ba. Gidan suna ne a gabashin garin Tawa, da hantsi. Ta shiga ɗakin mai jego ta yi barka, ƙafa ta gaji, ta zauna bakin gado, labule ne kawai tsakaninta da su. Ta gane muryoyin duka biyu. Ɗaya ma Raƙiya ce ta yi mata gaton bikinta, wato kek ɗin bikin. Ba ta fito ba sai da suka tashi, kuma da ta fito ba ta dubi inda farantin yake ba. Ta gyara mayafi bisa hannun dama, ta yi sallama da kowa, ta tafi gida a ƙafa.

A Barmu aka haifi Raƙiya, gidan noman gero da wake, a gona mai duwatsu. Ba ta taɓa ganin gato ba sai da ta shekara goma sha shida, lokacin da gwaggonta ta kawo ta Tawa ta taya ta aiki. Gwaggon tana girki a gidan wata ungozomar gwamnati da aka turo daga Yamai, kowa Madam yake ce mata. Madam ba ta jin Hausa sosai, Raƙiya ba ta jin faransanci ko kaɗan, saboda haka da hannu aka yi koyon. Madam ta haɗa cokula biyu masu yatsu ta damƙa mata, ta kama wuyan hannunta tana juya shi cikin kwanon ƙwai har hannun ya gane hanya da kansa. In Raƙiya ta tsaya tana haki, sai Madam ta leƙa kwanon ta ce, "Ankor." Ita ce kalmar faransanci ta farko da ta shiga kunnenta, kuma ta daɗe tana zaton zagi ne kafin ta san ana nufin ta ƙara.

Da aka canza wa Madam wurin aiki, ta bar mata gwangwanayen gashi goma sha biyu. Da su ta fara. Babu tanda, sai babbar tukunya: yashi a ƙasa, gwangwanaye a kai, garwashi bisa murfi. Ta sayar a ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ta sayar a ƙofar ma'aikatu, sannan masu suna da masu biki suka fara aikowa. Ta auri Magaji, dillalin tumaki a kasuwar dabbobi, mutum mai baki a kasuwa, mai shiru a gida, wanda har yau Ta Barmu yake kiranta. Suka haifi uku: maza biyu suna Abijan wurin nema, macen tana aure a Agadas.

Shekara talatin da ɗoriya tana buga ƙwai da hannun dama, har damtsen ya fi na hagu kauri, telanta ma ya san sai ya ƙara wa hannun rigar dama faɗi. Ba ta taɓa auna komai da sikeli ba. Takan tsoma yatsu cikin kwaɓi ta murza, ta ce, "Yana son ƙwai guda," kuma haka ne.

Wadda ta fara ba ta aikin suna ita ce Hasana. Tare suka yi amarci a lungu guda, katanga ɗaya tsakaninsu, suna miƙa wa juna gishiri ta sama. Daga baya mijin Hasana ya samu buɗi a fataucin albasa suka koma babban gida, amma ƙawancen bai koma ko'ina ba. Ƴaƴan Hasana biyar, kowane da gaton Raƙiya aka raɗa masa suna. Ranar sunan autar, Fiddausi, Hasana ta ɗaga jaririyar ta ce, "Ƙawa, ranar bikin wagga ɗiya ke za ki ciyar da Tawa. Ki ajiye ƙarfinki."

Wata Talata da safe, shekara biyu da suka wuce, tana cikin bugun ƙwai cokulan suka faɗi daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Kwana goma sha biyu ta yi a asibiti, aka ce hawan jini ne. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama ya naɗe bisa ƙirjinta kamar ta riƙe wani abu da ba ta so a gani.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta rufe ƙofa, ta matse kwano tsakanin gwiwoyinta, ta sa hannun hagu makaranta. Wata bakwai tana ɓarin ƙwai da fulawa. Ta aiki Magaji wurin limamin unguwa ya tambayo, liman ya ce lalura ce, babu laifi, ko ci da hagu ya halatta gare ta balle aiki. Sau uku take wanke hannun da sabulu kafin ta taɓa komai. Gaton da ta kai gidan sunan nan shi ne aikinta na farko bayan ciwon, kuma ya tashi, ya yi laushi, bai bambanta da na da ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta kasa jin haushin matan. Ita ma haka aka rene ta. Da hannunta ta sha buge hannun ƴaƴanta in suka miƙa hagu cikin akushi. Hannun tsarki ne, ba na abinci ba, kowa ya tashi da wannan a maƙogwaronsa, kuma maganar liman a kunne take tsayawa, ba ta sauka can. Bayan sunan, aike ya ɗauke ɗif. Ba wanda ya faɗa mata dalili. In ta haɗu da masu hidima a hanya sai su ce, "Wallahi mun so mu aiko, sai munka ce kada mu wahalshe ki."

Ana haka aka sa ranar bikin Fiddausi, bayan Babbar Sallah da sati uku. Hasana ta zo da kanta ta kawo goro. Suka yi hirar ɗinki da ta kayan ɗaki har la'asar, ba ta ambaci gato ba, Raƙiya ma ba ta tambaya ba.

Magaji ne ya shigo da maganar washegari, yana kwance takalmi.

"Ta Barmu, na ga wani abu cikin wayar wani Alhaji. Inji ne, shi ka buga ƙwai, shi ka kwaɓa fulawa. Hannu ba ya taɓa komi."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Matar tsaye take tana kallo awa mai gadi."

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "In hannu bai taɓa ba, ai ba su da abin faɗi."

Ranar Lahadi ya sayar da ragon da yake turkawa. Ranar Litinin ta sa mayafinta ta ce da ita za a je.

Shagon Almustafa yana bakin babbar kasuwa, cike da fanka da firji da tukwanen lantarki. Ya ga dattijo da dattijuwa sun shigo, ya kawo benci.

"Baba, injin kwaɓi? Masu lakwal robo suke ce mishi. Kun zo gidansa."

Ya fara sauko da ƙarami, wanda ake riƙewa a hannu, ya ce shi mata suka fi saye. Raƙiya ta karɓa ta jinjina.

"In na riƙe shi, wa zai riƙe mini kwanon?"

"Ɗaya hannun mana, Inna."

Ta ɗan janye mayafin. Almustafa ya gani, ya mayar da injin kwalinsa, ya sauko da masu tsayuwa da gindinsu guda huɗu ya jera bisa tebur.

Nan Magaji ya shiga aikinsa. Ya zagaya na farko, wani ja mai ƙyalli. Ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi.

"Baba, ba tunkiya ba ce, ba ya da haƙora."

"Yana da su, a ciki suke. Na ƙarfe ne ko na roba?"

Almustafa ya sosa ƙeya. "Wanga kam na roba ne. Amma dubi lambar ƙarfinsa a jikin kwali, ta fi ta kowa."

"Ni ma in zan sayar da rago nakan ce ya fi kowa. Kumburin dusa ne. Aje shi gefe."

Raƙiya ba lamba take dubawa ba. Ta matso da bencin, ta ce a bar ta da su. Ta sa hannun hagu ta murɗa kwanon jan don ta cire shi, sai injin gaba ɗaya ya juyo ya biyo ta, saboda ba shi da nauyin da zai tsaya. Ta ce, "Wanga in kwaɓi ya yi tauri tafiya zai yi bisa tebur, sai an riƙe shi." Na biyu babba ne, irin na gidan burodi, Magaji har ya fara gyaɗa kai. Amma kwanonsa kunnuwa biyu gare shi, sai an ɗora su a lokaci guda sannan a danna baya. Ta gwada sau uku, kwanon yana karkacewa. Na uku kansa ake ɗagawa, sai dai dole a danne wani maɓalli da hannu guda a ɗaga kan da ɗayan. Ta danna da yatsa, ta sa haɓarta ta tura kan sama. Ya ɗagu. Ta ɗago ta ga mutum biyu da suka shigo sayen fanka sun tsaya suna kallonta, ta sauke shi a hankali.

"Ba zan yi aiki da haɓa ba," in ji ta.

Na huɗu bai da ƙugiyar kwaɓi mai tauri, maburgi kawai gare shi, ita kuwa tana yin cincin. Magaji ya fara cewa ko a aika garin Kwanni a dubo, sai Almustafa ya ce, "Akwai wani, amma ba sabo ba ne. Wata malamar asibiti da anka canza wa gari ta bar shi." Ya shiga ciki ya rungumo shi yana nishi. Fari ne da ya koma ruwan ƙasa, fenti ya ɗaye a gefe guda.

Raƙiya ta danna maɓallin gefe. Kan ya tashi da kansa, a hankali, ya tsaya. Ta murɗa kwanon, injin ko motsi bai yi ba, kwanon ya fito a hannunta. Ta mayar, ya shiga da ƙas. Ta ɗaura maburgin, ta cire, ta ɗaura ƙugiyar, ta cire, ta ɗaura na ukun mai faɗi kamar ganye. Duka da hannu guda.

"Kunna shi in ji."

Ya kunna. Ta rufe ido ta kasa kunne, ta sa ya kai shi ƙarshen gudu ya dawo da shi na farko.

"Ba ya kuka," ta ce. "Numfashi yake."

"Ta Barmu, tsoho ne fa. Ko kwali bai da shi."

"Malam, ni ce sabuwa?"

Magaji ya yi dariya, ya juya ya shiga ciniki da Almustafa da zafin da bai taɓa yi wa rago ba.

Ba a ɗaki ta ajiye injin ba. A rumfar tsakar gida ta sa aka kafa tebur, daidai inda mai shigowa zai fara gani, aka jawo waya daga ɗaki. In za ta kunna sai ta buɗe ƙofar gida. Cikin kwana uku duk lungun sun zo kallo. Ta nuna musu komai: da ludayi take zuba fulawa, da cokali take kwashe kwaɓi zuwa gwangwani, hannun kuma yana cikin safar roba sabuwa. Mata suna ta salati, suna cewa Nasara bai bar komai ba. Ta miƙa musu wanda ta gasa, suka ce a ƙunsa musu su kai wa yara.

Hasana ta zo rana ta huɗu. Ta tsaya ta kalli maburgin yana juyawa har ƙwai ya yi fari ya taso.

"Ƙawa, wanga ai ya fi ki sauri."

"Ya fi ni. Amma bai san in kwaɓi yana son ƙwai ba, sai na faɗa mishi."

Hasana ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido da bakin mayafi. "To ki yi na Fiddausi. Ɗari huɗu, da cincin. Dama ke ce."

Kwana biyu ta yi tana aikin. A rana ta biyu da azahar, kwaɓi yana tsakiyar haɗuwa, wuta ta ɗauke. Ƙofa a rufe take ran nan, Magaji yana kasuwa, ba kowa a gidan sai ita. Juyi ashirin da hannu zai gama shi, ta sani. Ta zauna gaban kwanon, ta sa hannun hagu ƙarƙashin cinyarta ta danne. Tana gani kumfar tana kwantawa. Wuta ba ta dawo ba sai bayan la'asar, kwaɓin ya mutu, ta juye wa kaji ta sake sabo. Tana so in an tambaye ta ta rantse ba tare da ta haɗiye yawu ba.

Roba huɗu manya ta cika. Ta lulluɓe kowace da farin ƙyalle, ta ƙulle da hannu guda da haƙori, irin ƙullin da ya zama nata tun bayan ciwon, kunne ɗaya dogo ɗaya gajere. Da safiyar biki mota ta zo daga gidan Hasana ta ɗauka.

Da la'asar ta yi wanka, ta sa leshin ankon, ta hau kabu-kabu. Gidan ya cika har waje, ana kiɗa, ana guɗa. Aka ba ta kujera cikin manyan mata. Ba a jima ba aka fara zagayawa da tire. Ta miƙa wuya. Gato ne, amma cikin ƴan kofunan takarda masu launi, kansa da farin kirim, irin na shagunan bakin titi. Ta ce a ranta wataƙila na dangin ango ne, nata yana tafe. Tire na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Matar da ke kusa da ita ta gutsura ta ce, "Kai, wanga ya bushe," sannan ta tuna wadda take gefenta, ta juya tana gyara ɗankwali.

Raƙiya ta tashi kamar mai neman makewayi. Ta san gidan kamar nata. Ta bi ta bayan madafa ta tura ƙofar ɗakin ajiya. Suna nan bayan buhunan shinkafa, roba huɗu, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kwance ko guda ba.

Tana tsaye Hasana ta shigo neman sukari, zinariya a wuya, gumi a goshi. Ta ga Raƙiya, ta ga robobin, ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Ƙawa..."

"Na gani."

"Tsaya ki ji. Gwaggon ango ce, jiya sunka iso daga Kalfu. Wani ya kai mata labari. Na ce mata inji ne, wallahi na ce mata da idona na gani. Ta ce injin ne ka fasa ƙwai? Injin ne ka jera su cikin roba? Ta ce in an fito da shi su ba su ci, kuma kin san in sun ƙi ci yau, Fiddausi za ta riƙa jin shi har ta tsufa a gidan. Mi zan yi? Ɗiyata ce za ta zauna da su."

"Da safar roba na fasa."

"Na sani."

"Wuta ta ɗauke jiya, ba kowa a gidan. Ban taɓa ba, Hasana. Na zubar na sake."

"Na yarda, wallahi na yarda. Gobe in baƙi sun watse sai mu raba a unguwa, ba zai lalace ba. Mu kanmu za mu ci, ni da yara..."

"Kin ci?"

A waje aka rangaɗa guɗa, wata tana kiran uwar amarya ta fito a yi hoto.

"Tun da na tashi daga ciwon nan," in ji Raƙiya, "sau nawa na aiko miki? Na Sallah, na ranar da injin ya zo. Kin ci?"

Hasana ta dubi buhunan shinkafa. Hawaye ya gangaro ya ɓata mata kwalli, ba ta share ba.

Raƙiya ta jawo robar sama ta dire ta bisa buhu. Ta kama dogon kunnen ƙullin da haƙori ta ja, ƙyallen ya buɗe, ƙamshin lemun tsami ya cika ɗakin. Suna jere, ja-ja, kansu ya tsage daidai yadda ake so. Ta miƙa hannu za ta ɗauko guda, sai ta tsaya, ta mayar da hannun bayanta. Ta matsa gefe ta ba Hasana hanya.

"Ba zan fito da su ba, kada ki ji tsoro. Ba wanda zai san na shigo nan, yanzu zan tafi gida. Amma ki ɗauka da hannunki, ƙawa. Guda ɗaya. Ki ci a gabana kafin in fita."